Numfashin Inji: Zaɓen Bututun Hayaƙi Ga Ƙaramar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Anka zuwa Gummi, wadda ta ratsa ƙasar Bukkuyum ta bi ta Ɗaki Takwas, ya san ƙananan motocin nan ƙirar Golf masu jigilar mutane da buhunan hatsi. Ya kuma san cewa akwai waɗanda tun daga nesa ake jin rurinsu. Samari da yawa sun ɗauka ƙara alama ce ta ƙarfi, saboda haka da zarar ɗayansu ya mallaki mota sai ya kai ta wurin mai walda a huda salansa, ko ya aika Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a sayo masa manyan bututai masu walƙiya. Wannan darasi zai dubi ɓangare guda na wannan aiki, wato bututan farko da ke manne da kan inji. Na asali da kamfani ya sa, kanikawa suna kiransa manifol. Wanda ake sayowa a musanya shi kuwa, masu gyaran motocin tsere suna ce masa hedas.

Yadda inji yake numfashi

Injin fetur na mota yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a shekarar 1876. A cikin kowace silinda fistin yana yin tafiya huɗu: ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti, kowace silindarsa tana fitar da hayaƙi sau 25 a daƙiƙa, wato sau 100 ke nan idan aka haɗa su. Hayaƙin ba ya gudana sumul kamar ruwan famfo. Yana fita ne ɗauri-ɗauri, kamar iskar zugazugin maƙeri.

Akwai wani ɗan lokaci, a ƙarshen korar hayaƙi da farkon shaƙar iska, da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Idan a daidai wannan lokaci matsin da ke cikin bututu ya yi ƙasa, to bututun zai zuƙe sauran hayaƙin da ya maƙale, har ya taimaka wajen jawo sabuwar iska. Idan kuwa matsin ya yi sama, hayaƙi zai koma cikin silinda ya cinye gurbin iska da mai. Aikin hedas gaba ɗaya shi ne samar da wannan zuƙa a lokacin da ake bukatarta.

Tsawo

Da zarar bawul ɗin fita ya buɗe, wata igiyar matsi takan ruga cikin bututu da gudun sauti. A cikin iskar ɗaki sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, amma a cikin hayaƙi mai zafi yana kai mita 550 zuwa 600. Idan igiyar ta isa wurin da bututu ya buɗe, wato mahaɗar bututai, sai wani sashe nata ya dawo baya a matsayin zuƙa. Tsawon bututu shi ke yanke lokacin dawowarta. Mai karatu ya tuna da kakaki da sarewa: tsawonsu ne ya bambanta muryoyinsu, dogo ya yi kauri, gajeriya ta yi zaƙi. Haka bututun hayaƙi yake da tasa murya.

Sai dai gudun igiyar kusan ɗaya ne kullum, alhali gudun inji yana sauyawa. Bututu mai kimanin santimita 75 yakan dawo da zuƙa a kan kari idan inji yana juyi 6,000 a minti. Injin da ke juyi 3,000 kuwa yana da ninkin wannan lokaci, don haka yana bukatar bututun da ya haura mita ɗaya da rabi. Ke nan babu hedas ɗin da ya dace da kowane gudu. Tambayar farko ga mai saye ita ce: a wane gudu injin nasa yake wuni? Motar da ke kauce wa ramuka a giya ta biyu da ta uku, da fasinjoji da kaya har bisa, da wuya allurarta ta wuce 3,500. Sa mata gajerun bututan da aka ƙera domin filin tsere asarar kuɗi ce kawai.

Faɗi

A nan ne aka fi yin kuskure, domin ido yana son babban abu. Gulbi yakan yi gudu inda gaɓarsa ta matse, ya lafa inda ta buɗe, kuma haka hayaƙi yake. Idan aka cire bututu mai faɗin milimita 35 aka sa mai 45, bakin ya ƙaru da kashi 65 cikin ɗari, gudun hayaƙi kuma ya ragu da kusan kashi 40. Hayaƙi mai gudu yana da nauyin tafiya, yana jan na bayansa. Wanda ya lafa kuwa yana hucewa, ya yi cunkoso. Sakamakon shi ne mota mai ruri wadda ba ta da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, sai direba ya riƙa danna totur yana ƙona mai kafin ta tashi.

Wasu kanikawa sun lura da haka, sai suka yanke hukuncin cewa inji yana son a ɗan toshe masa hanya. Abin da suka gani gaskiya ne, amma fassarar ba daidai ba ce. Toshewa ba ta taɓa ƙara wa inji ƙarfi. Gudun hayaƙi ake nema, kuma siririn bututu marar lanƙwasa mai tsanani yana ba da shi ba tare da toshewa ba.

Yadda ake haɗa bututan

Iri biyu aka fi samu. A na farko bututai huɗu suna haɗuwa wuri guda su zama ɗaya. Wannan yana ba da ƙarfi a babban gudu, amma a ƙunƙuntaccen fage. A na biyu huɗu suna zama biyu, biyun su yi ɗan tafiya sannan su zama ɗaya. Silindu suna kamawa ne a jeren 1, 3, 4, 2, saboda haka ake haɗa ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, domin tsakanin kowane biyun akwai cikakken juyi guda na inji, hayaƙinsu ba zai yi karo ba. Mahaɗa biyu suna dawo da zuƙa a lokuta biyu, sai ƙarfin ya bazu a tsaka-tsakin gudu. A ganina wannan na biyu shi ne na hanyoyinmu. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: a injin da ba a taɓa komai nasa ba, ribar hedas 'yar kaɗan ce. Sai an gyara hanyar shigar iska da lokacin buɗewar bawul ake jin bambanci sosai.

Zafi da walda

Manifol na asali yawanci zubin baƙin ƙarfe ne, mai nauyi da juriya. Hedas kuwa siraran bututai ne da aka haɗa da walda, kuma hayaƙin da ke bi ta cikinsu yana wuce digiri 700. Mita ɗaya na ƙarfen yau da kullum, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 600, yakan miƙe da kimanin milimita 7, ƙarfe marar tsatsa kuwa da kusan 10. Kullum yana miƙewa yana komawa, ga girgizar hanya. Idan babu gaɓa mai lanƙwasuwa a bayansa, kuma farantin da ke manne da kan inji ba mai kauri ba ne, waldar za ta tsage. Tsagar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin tana gaban fasinjoji. Hayaƙi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai da gyangyaɗin direba a lokacin hunturu, gilasai a rufe, ba kullum ne gajiya ba.

Indomi da na'urar sansano hayaƙi

Motocin Kwatano da aka ƙera domin Turai daga 1993, har da mafi yawan Golf ta uku, suna zuwa da matatar hayaƙi, wadda kanikawa suka laƙaba wa suna indomi saboda ƙananan ramukanta. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake fasa ta a sayar. A da ana kafa hujja da cewa fetur mai dalma yana kashe ta, kuma haka ne. Mutanen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ba sa bukatar a gaya musu sharrin wannan ƙarfe. Amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sa dalma a fetur tun farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021, don haka hujjar ta faɗi. A zaɓi hedas ɗin da ya bar wa matata gurbinta.

A kuma tabbatar yana da ramin ɗaura na'urar da ke sansano oksijin a cikin hayaƙi. Da ita kwamfutar mota ke riƙe awon iska 14.7 ga mai 1. Idan aka cire ta, ko tsaga ta shigar da iskar waje a gabanta, kwamfuta za ta ƙara zuba mai, filogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa kafin lokaci. Bayan an ɗaura sabon hedas da sabon gaskit, a tayar da injin da sassafe yana sanyi a saurara. Ƙarar tas-tas da ke raguwa idan inji ya ɗumama, ko baƙin toka a gefen kusoshi, alamar yoyo ce. A sake ɗaure kusoshin bayan tafiyar kwana biyu ko uku, injin yana sanyi.