Amsoshin Wasiƙunku: Mas'alar Allon Fileksi Mai Narkewa

Wasiƙar da muka fara buɗewa yau ta fito ne daga hannun wani matashi mai sana'ar rubuta alluna a unguwar Hausawa ta New Bell da ke Duwala, wanda ya ce ya tattara abin da Allah Ya hore masa ya sayi injin leza mai ƙarfin wat 60, amma duk sa'ad da ya ɗora allon fileksi domin ya zana sunan kanti ko lambar girmamawa, sai fuskar allon ta narke, bakin haruffa ya kumbura, rubutun da ake so ya fito fari tas ya fito a dagule. Yana tambaya ko ha'intarsa aka yi a cinikin injin.

To Malam, Allah Ya yi wa sana'a albarka, kada ka yi gaggawar tuhumar inji alhali ba ka binciki allon ba tukuna. Wannan roba mai kama da gilashi, wadda kamfanin Röhm da Haas na ƙasar Jamus ya fito da ita kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, iri biyu ce, ko da yake a ido ba ka rarrabe su. Akwai wadda ake zubawa tana ruwa a tsakanin gilasai biyu har ta daskare, akwai kuma wadda ake narkarwa a turo ta ta bakin inji. Ta farkon idan hasken leza ya taɓa ta sai wurin ya tashi ya bi iska, ya bar zane fari, ta biyun kuwa, da yake tana saurin laushi, narkewa take yi ta sake daskarewa a inda take. Ta biyun ta fi araha, ta kuma dace da yanka, shi ya sa ta yawaita a hannun 'yan kasuwa. Saboda haka in ka je Akwa sayen allo, ka ce wa mai kanti coulé, wato na zube, kake so, ka kuma duba takardar da ke manne a jiki: GS alamar na zube ce, XT kuwa na turi. A nawa ra'ayin, nan ne asalin illar take a mafi yawan lokuta.

Idan ka tabbata allonka na zube ne amma narkewar ba ta bari ba, to sababin shi ne zafi da yake daɗewa a wuri guda, domin fileksi yana soma laushi tun daga wajen digiri 105, kuma ba ya watsa zafi da sauri. Misalinsa misalin dutsen guga ne a kan shadda: barinsa wuri ɗaya ke ƙona riga. Sai ka ƙara gudun kan injin, ka rage ƙarfinsa, ka buɗa tazarar layukan zane zuwa kamar milimita 0.1, gama idan layi ya faɗa kan ɗan'uwansa tun bai huce ba, zafi kan zafi ke taruwa. In kana son zurfi, bi biyu marasa ƙarfi sun fi bi ɗaya mai tsanani. Ka ɓare ledar da ke saman allon kafin zane, ka daidaita nisan idon injin da fuskar allo, ka goge idon da madubai, don hayaƙi yana dusashe su. Ruwan da ke sanyaya kwalbar leza kuma kada ka sanya masa ƙanƙara, domin a laimar Duwala raɓa za ta kwanta a jikin kwalbar, kusa da wayar wuta mai tsananin ƙarfi.

Wajibi ne a gwada a kan guntu kafin a ɗora allon mai aiki. Sai dai ina roƙon masu zana Ayatul Kursiyyu da sunayen Allah kyawawa, su yi gwajinsu da da'ira ko murabba'i, tun da guntun gwaji makomarsa kwandon shara.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce ta kusa da Kasuwar Kongo, wadda ta ce ƙaramin injinta mai shuɗin haske ba ya barin ko alama a kan fileksi garai. Hajiya, injinki lafiyarsa lau. Shuɗin haske ratsa allo garai yake yi ya wuce, sai ki nemi baƙin allo, ko ki kai aikin wurin mai babban inji irin na kwalba.

Ku duka biyu, kada ku goge allon da leza ta taɓa da sifirit, yana sa shi tsattsagewa. Ruwa da sabulu sun wadatar. Kuma duk robar da ba ku san asalinta ba, musamman PVC, kada ku kusanta ta da leza, domin hayaƙinta guba ne ga huhu, yana kuma cin ƙarfen inji. Malam na New Bell, in ka sauya allo ka gwada, ka rubuto mana abin da ka gani.