Abin Da Bara-gurbi Ya Koya Mini

A ƙasarmu ta Dambatta gona na manne da gona, wurin kiwo ya yi kaɗan, saboda haka kaji da zabi su ne dukiyar iyayenmu mata. Da Malamin Aikin Gona ya koya mana yadda ake ƙyanƙyasar ƙwai ba tare da kaza ba, sai na ƙudura zan gwada a hutun Disamba. Kafinta ya haɗa mini akwatin katako, na sa fitilar kananzir daga ƙasa. Inna kuwa ta ba ni ƙwai 30, waɗanda ta yi niyyar sayarwa ta yi zubin adashi.

Ran da aka cika kwana 21, 'yan tsaki 9 kaɗai suka fito, sauran duk bara-gurbi. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Kunya ta kama ni. Da muka koma makaranta na kwashe labari na gaya wa Malam, shi kuwa ya nuna mini kurakuraina guda uku.

Na farko, zafi. Ni a jikin katako na rataye ma'aunin zafi, alhali daidai saman ƙwai ya kamata ya zauna. Akwatin da ba shi da fanka yana bukatar digiri 38 zuwa 39, mai fanka kuwa 37.5. In zafi ya wuce 40 ya daɗe, tsako ya mutu. In ya gaza, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri. Don haka da tsakar rana a rage lagwani, da asuba lokacin sanyi a ƙara shi kaɗan.

Na biyu, laima. Iskar hunturu busasshiya ce, ni kuwa ban sa ruwa a akwatin ba. Shi ya sa fatar cikin ɓawo ta bushe ta manne wa 'yan tsaki, suka huda amma suka kasa fitowa. Maganin wannan shi ne faranti da ruwan ɗumi a ƙarƙashin ƙwai, a ƙara shi a kwana uku na ƙarshe. Da damina kuwa ruwa kaɗan ya isa.

Na uku, juyi. Kaza mai kwanci takan juya ƙwanta da baki don kada tsako ya manne a gefe guda. Mu ma sai mu yi alama da fensir, mu juya aƙalla sau 3 a yini, mu daina ran kwana 18. Ran kwana 7 kuma a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini, wanda ya fito tas a cire shi.

Da dogon hutu ya zo, lokacin da zabi ke saka, na sake roƙon Inna. Ta yi shiru, sa'an nan ta ƙirgo mini ƙwan zabi 20. Su nasu kwana 26 zuwa 28 ne. Na riƙa rubuta zafi a littafi safe, rana da dare. Cikin ikon Allah 15 suka fito.

To, 'yan'uwana ɗalibai, akwati ba ya tunani, kaza kawai yake kwaikwayo. Idon mai shi ne uwar ƙwai. Allah Ya ba mu sa'a, amin.