Amsar Tambaya: Karkarwa ta ragu, caca ta shigo

Wata uwargida daga Shadawanka a Bauchi ta rubuto cikin damuwa. Maigidanta tsohon soja ne. Hannunsa na dama ya fara karkarwa har shayi na zuba masa a riga, likita ya ce cutar Parkinson ce, ya ɗora shi a kan pramipexole. Karkarwar ta lafa. Amma mutumin da bai taɓa caca ba, yanzu da fansho ya shigo sai cacar ƙwallo a waya ta lashe shi. Tana tambaya ko asiri aka yi masa.

Ba asiri ba ne. Parkinson na kama mutum idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka mutu. Pramipexole da ɗan'uwansa ropinirole, waɗanda Amurka ta amince da su a 1997, suna kwaikwayon dofamin ne. Matsalar ita ce sinadarin nan shi ke kunna kwaɗayin samu, don haka ga wasu mutane maganin kan jawo caca, sayayya ba lissafi, yawan ci ko yawan buƙatar iyali. Yakan kuma kawo barci farat ɗaya, shi ya sa tuƙi ke da haɗari.

Kada uwargida ta ɓoye maganin. Yanke shi rana ɗaya kan jefa mutum cikin ƙunci da firgici. Ta raka maigidan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ta faɗa wa likita da bakinta, don magidanta ba su cika fallasa kansu ba. Likita kan rage maganin a hankali ko ya mayar da majinyacin kan wani maganin, levodopa. Kafin ranar ganin likita, katin ATM ya zauna a hannunta.