Ina bayananka suke zuwa bayan ka danna "Aika"?

A zangon da ya wuce wani adireshin shafin intanet ya yi ta yawo a zauren WhatsApp na ajinmu, wai ana ba ɗaliban difloma tallafin kuɗin makaranta. Fom ɗin ya nemi suna, lambar waya, ranar haihuwa, NIN, BVN, har da sunan mahaifiya. Da yawanmu muka cike. Ni ma na cike, kuma kimiyyar kwamfuta nake karantawa, abin kunya. Tallafi dai shiru har yau. Bayan mako biyu wani ya kira wata 'yar ajinmu, ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, ya ce daga banki yake, za a rufe mata asusu in ba ta karanto masa lambar da aka turo mata ta tes ba. Ta karanto masa. Kuɗin hayar ɗakinta ne ya tafi.

Abin da ya sa ta yarda shi ne ya san ta. To a ina ya san ta? Mu da kanmu muka ba shi.

Shafin intanet yana samun bayananka ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda ka rubuta da hannunka a fom. Ta biyu kuwa ba a tambayarka. Da zarar ka buɗe shafi, wayarka tana gabatar da kanta: lambar IP da kamfanin layinka ya ba ta, irin wayar, irin burauzar, lokacin da ka shiga, wani lokaci har da shafin da ka fito. Duk wannan yana shiga kundin babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira saba. Lambar IP ba ta nuna ƙofar ɗakinka, amma tana nuna ƙasa da kamfanin layi, wani lokaci har gari.

Sai kukis. Ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka in ka dawo, kamar katin da mai gadin babura yake ba ka a bakin get. Ba dukansu ne sharri ba. Ba don su ba, da duk shafin da ka matsa a fotal ɗin makaranta sai ka sake shigar da lambar rajista. Masu matsalar su ne na kamfanonin talla, waɗanda suke maƙale a shafuka da yawa lokaci guda. Su ne suke sa ka duba takalmi a nan, gobe takalmin ya biyo ka shafin labarai.

Inda na fi so mu tsaya shi ne ajiya, don a furojet ɗina na ƙarshe na ga abin da idona. Na haɗa ɗan shafin rajistar ɗalibai, abokai suka gwada mini. Da na buɗe rumbun bayanan sai ga komai a jere cikin tebur, suna, waya, imel, har da kalmar sirrin kowa ɓaro-ɓaro. Wani sunan budurwarsa ya sa, wani shekarar haihuwarsa. Malamin da ke duba aikin ya ce, "Kai, wannan in da gaske ne ai ka tona wa mutane asiri." Shafin kirki ba ya ajiye kalmar sirri yadda take. Niƙa ta yake yi da wani lissafi, ta koma jerin haruffa da lambobi da ba a iya mayarwa baya. In ka zo shiga, sai a niƙa abin da ka rubuta a kwatanta da na ajiye. Saboda haka duk shafin da ka ce ka manta kalmar sirri ya turo maka tsohuwar ta imel, ka san a buɗe ya ajiye ta. Ranar da aka fasa rumbunsa, ɓarayin za su gwada wannan imel da wannan kalma a Facebook da Gmail da manhajar banki. Mu kuwa yawancinmu kalma ɗaya muke sa wa komai.

Akwai kuma kuskuren da nake ji kullum, wai in adireshi ya fara da https shafin amintacce ne. A'a. Ma'anarsa kawai an rufe saƙonka a hanya, mai leƙe ba zai karanta ba. Wanda ka aika wa kuwa zai buɗe ya karanta. Shafin tallafin nan da ya cuce mu, shi ma da https ya fara.

To me doka ta ce? A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce a karɓi bayanai don wata manufa bayyananniya, kada a karɓi fiye da buƙata, kada a riƙe su fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Kana da haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kanka, ka sa a gyara, ka nemi a goge, ka janye amincewarka. In an yi kutsen da zai iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Ta yi kama da dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, wadda tun bayan zuwanta tambayar nan ta "ka yarda da kukis?" ta cika shafuka. Kuma ba magana ce ta takarda kawai ba, a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, kuma yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya na cikin dalilan.

Sai dai a ganina doka tana kama mai ofis ne da adireshi. Wanda ya buɗe shafi yau ya rufe jibi, wa za ka kai ƙara? Shi ya sa yanzu kafin in cike fom nake duba abu biyu. Su waye masu shafin, suna da suna da wurin da za a same su? Kuma abin da suke nema ya dace da abin da za su ba ni? Shafin sauke tsofaffin takardun jarrabawa ba shi da abin yi da BVN. Bayanin sirri da suke rubutawa can ƙasan shafi yana da tsawo, na sani, ni ma ba na karanta shi duka. Ina neman wurin da suka faɗi wa za su ba bayanan da kuma tsawon lokacin da za su riƙe su.

Masu yin rajistar kwas a kafe, don Allah ku riƙa fita daga asusunku kafin ku tashi. Rufe burauza ba fita ba ne, kukis ɗin yana iya zama yana nan, na bayanka ya zauna ya tarar da fotal ɗinka a buɗe. Hoton fasfo da takardar NIN da aka sikana muku ma, ku sa mai kafe ya goge su a gabanku, har cikin kwandon shara na kwamfutar.