Me ya sa layin Scatchard ke lanƙwashewa a kan DNA?

Aikina auna yadda ƙwayoyin magani ke manne wa DNA, kuma akwai kuskuren da nake yawan cin karo da shi a kundin ɗaliban digiri na biyu. Ɗalibi ya yi gwaji da ethidium bromide ko doxorubicin, maganin kansar nan da ke kutsawa tsakanin matakan tsanin DNA. Ya zana sakamakonsa da tsarin da George Scatchard ya fitar a 1949, ya ga layi ya lanƙwashe, sai ya yanke hukunci cewa akwai gurbin mannewa iri biyu, mai ƙarfi da mai rauni. Sau da yawa ba haka ba ne.

Lissafin Scatchard ya ɗauka kowane gurbi a ware yake, ba ruwansa da maƙwabcinsa. DNA kuwa dogon tsani ne, kuma ƙwayar magani ɗaya tana rufe mataki fiye da ɗaya. A ɗauki guntun DNA mai mataki 10, da ƙwaya mai rufe mataki 3. Idan tsanin a buɗe yake, wurin zama 8 take da shi. Da ƙwaya ɗaya ta zauna a mataki na 4 zuwa na 6, saura wuri 3 kacal: ɗaya a hagu, biyu a dama. Zama ɗaya ya kashe wurare 5. Yayin da tsanin ke cika, ana barin giɓi nan da can mai mataki ɗaya ko biyu, wanda babu ƙwayar da za ta shiga. Wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa layin.

James McGhee da Peter von Hippel na Jami'ar Oregon ne suka warware wannan a 1974. Lissafinsu yana ba da ƙarfin mannewa da yawan matakan da ƙwaya ke rufewa. Na ethidium kusan 2 ne. Sun ƙara ma'auni na uku don ƙwayoyin da ke jan 'yan'uwansu su zauna kusa, kamar furotin ɗin gene 32 na ƙwayar cutar T4.

Lissafin nasu ma yana da iyaka: ya ɗauka DNA ba shi da ƙarshe, kuma duk matakansa iri ɗaya ne. Mai aiki da gajeren guntu, gara ya ƙirga wuraren kai tsaye. Kuma don Allah a riƙa rubuta yawan gishirin da ke cikin ruwan gwajin, domin ƙarfin mannewar ƙwaya mai cajin ƙari raguwa yake yi idan gishiri ya ƙaru.