Kafin ka haɗa Python da laburaren C, san mai memorin

A aikina na duba manhajojin da abokan aiki ke rubutawa, babu inda matsala ta fi yawa kamar gadar da ake ginawa tsakanin Python da laburaren da aka rubuta da C. Python na ƙirga masu riƙe da kowane abu, da zarar ƙirgar ta kai sifili sai ya kwashe shi. C kuwa ba ruwansa da wannan: memorin da aka ware da malloc yana nan har sai an sake shi da free. Kowane ɓangare na da tsarinsa, rigimar a bakin gada take.

Mu ɗauki SQLite. Rubutun da sqlite3_column_text ke ba ka aro ne. Da ka kira sqlite3_step don matsawa layi na gaba, adireshin rubutun ya tashi aiki. Zanen aro ba ya rufe katara, don haka kwafe rubutun nan take. Shi kuwa saƙon kuskuren da sqlite3_exec ke dawowa da shi naka ne, kai za ka sake shi, kuma da sqlite3_free. Laburare ɗaya, doka biyu. Haka nan idan ka miƙa rubutu da alamar SQLITE_STATIC, alkawari ka ɗauka cewa zai zauna daram har SQLite ya gama da shi. In ba ka da tabbas, sa SQLITE_TRANSIENT, SQLite ya kwafe abinsa.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne aikin kiran baya a ctypes. Ka naɗe shi da CFUNCTYPE, ka miƙa wa C, ba ka ajiye shi ko'ina ba. Python sai ya ɗauka babu mai buƙatarsa, ya kwashe. C na riƙe da adireshin fanko. Manhajar za ta iya wuce gwaji lafiya lau, sai ta je hannun mai amfani ta faɗi, nesa da inda aka yi kuskuren. Wannan ne ke sa a yi ta zargin laburaren da bai ji ba bai gani ba.

Yoyon memori, wato a ware memori a manta ba a sake shi ba, ya fi wannan sauƙi a ganina, ko da yake shi ma yana durƙusar da sabar da ke kwana tana aiki.

Shawarata ga 'yan uwa masu rubuta irin wannan gada: duk adireshin da zai tsallaka, ku rubuta a gefensa wa ke da shi, har zuwa yaushe, kuma da me za a sake shi. Sannan ku gwada da Valgrind ko AddressSanitizer kafin ku saki aikin.