Darasi Na 12: Mai Tsaya Wa Maraya A Gaban Alƙali

Maraya yaro ne. Yana jin tsoron manya. Bai san hakkinsa ba. In ba wanda ya tsaya masa, sai gonar ubansa ta salwance.

A Sabon Garin Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu, akwai marayu. Waɗansu ciwo ya raba su da iyayensu, waɗansu 'yan bindiga.

A 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Hakkin Yara. Dokar ta ba kotu ikon naɗa wa yaro wakili. A 2022 Jihar Zamfara ta yi tata dokar kare yara.

Ga abin da ya kamata wakili ya yi:

1. Ya ziyarci yaron, ya ga cinsa da makwancinsa.
2. Ya saurare shi da haƙuri.
3. Ya rubuta gida, da gona, da bisashen da aka bar masa.
4. Ya faɗa wa alƙali gaskiya, ko da a kan ɗan'uwansa ce.

In maraya ya balaga, ya yi hankali, a miƙa masa dukiyarsa gaban shaidu. Haka Suratun Nisa'i ta umarta.

Jama'a, kun ga amfanin karatu. Baki yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. In ka ga ana cutar maraya, gaya wa mai unguwa ko alƙali.

Tambayoyi

1. Don me maraya yake bukatar wakili?
2. Yaushe ake ba shi dukiyarsa?
3. Rubuta: maraya, alƙali, shaidu.